Tawadar sola: kafin ka tafa, tambayi girman gilashin

Wataƙila ka ci karo da labarin nan mai cewa an kusa fara buga farantin sola kamar yadda ake buga jarida. Tawadar da ake nufi ta ferobskayit ce, sinadarin da ake narkarwa a shafa a gilashi ko leda, ya bushe ya zama kiristal mai mayar da haske lantarki, ko lantarki haske.

Ba ƙarya ba ne. Silikon sai ya haura digiri 1,400 yake narkewa, ita kuwa wannan tawadar zafin digiri 100 zuwa 150 ya ishe ta. A 2009 tawagar Tsutomu Miyasaka a Japan ta samu kashi 3.8 cikin 100 na hasken da ya zama lantarki. Yau an wuce kashi 26.

To ina matsalar? Yawancin waɗannan manyan lambobin ba daga injin bugawa suka fito ba. Ana ɗiga tawadar ne a kan ɗan gilashi, a juya shi da gudun tsiya har ta baje, wurin da ake aunawa kuma sau da yawa bai kai farcenka ba. Bugawa a fili mai faɗi wani abu ne daban. Ka lura da ɗigon shayi idan ya bushe a tebur, bakinsa ya fi tsakiyarsa duhu? Haka tawadar ke yi. Kaurin ya bambanta, ƙananan ramuka su fito, ingancin ya sauka.

Sai ƙarko. Farantin silikon da ke kan rufinka ana ba shi garantin shekara 25. Ferobskayit kuwa danshi da zafi da hasken ranar kansa suna cin sa. Ka tuna yadda kwano ke ɗaukar zafi a Sakkwato a watan Afrilu.

Na uku, dalma. Mafi ingancin tawadar na ɗauke da ita. Kaɗan ce, ba ta kai giram ɗaya a murabba'in mita ba, amma irin wadda ruwa ke iya narkarwa ce. Mu da gubar dalma ta kashe mana yara sama da 400 a Zamfara a 2010, dole mu tambayi inda fasasshen faranti zai ƙare. An gwada kuza a madadinta, sai dai iska na saurin lalata ta.

Binciken ya cancanci kuɗin da ake zuba masa. Kai dai in ka sake ganin irin wannan labari, nemi abu uku: girman abin da aka gwada, ko buga shi aka yi da gaske, da kuma awa nawa ya jure zafi da danshi. Idan babu su, talla kake karantawa.