TSOHUWAR JARIDA DA MASU ADANA TA

Mai karatu, a Ingila akwai wasu mutane da ba su da abin sha'awa sai bin tsofaffin jaridu suna saye, musamman waɗanda suka fara buga labarin wani mawaƙi tun yana ɗan tsako. Mu nan da ita ake ƙunshe tsire da ƙosai, su kuwa can gwanjonta ake yi da kuɗi masu kauri.

Wadda suka fi wawaso ita ce Mersey Beat, wata 'yar jarida da Bill Harry ya kafa a birnin Libaful a 1961, tana fitowa duk sati biyu. A fitowarta ta Janairun 1962 ta buga hoton wasu samari huɗu cikin rigunan fata a shafin farko, wai su masu karatu suka zaɓa gwanayen garin. Su ne Beatles. To dubi abin dariya, sunan Paul McCartney ma ba su iya rubuta shi daidai ba, McArtrey suka sa. Mai kiɗan gangar da ke hoton kuma Pete Best ne, wanda aka sallama a watan Agustan shekarar aka kawo Ringo Starr. Kuma a ranar 1 ga wannan Janairu ne suka je gwaji kamfanin Decca a Landan, daga baya kamfanin ya ce ba ya so.

Wallahi nan daɗin tsohuwar jarida yake. Ba ta san gobe ba. Littattafan da aka rubuta bayan sun yi suna duk sun gyara zancen, sai ka ɗauka tun a zanen goyo aka san za su gagara. Ita kuwa jaridar ta nuna su a tsakiyar sa'anninsu, ga Gerry and the Pacemakers a bayansu, ga Rory Storm and the Hurricanes, inda Ringo yake kiɗa a lokacin, kowa na neman na kansa.

Amma fa kada a ɗauke ta tamkar alƙali. Bill Harry abokin John Lennon ne tun a makarantar koyon zane, har rubutun Lennon ya buga a fitowar farko. Brian Epstein kuma a kantinsa na NEMS ake sayar da ita, yana yi mata sharhin faya-fayai, sannan ya zama manajan yaran. Ka ga ai tuwona maina. Wanda ya karanta ta bai san wannan ba, zai sha yabon abokai ya ɗauka hukuncin gari ne.

Inda nake da ƙorafi da masu adanar shi ne, da yawansu ba karatu ya kai su ba. Za a sa takarda a leda, a rufe a gilashi, a rataye, shafin farko kaɗai ake gani. Farashinta ya danganta da ko sunan Beatles na sama, ko ta yage, ko ta yi ja. To sauran shafukan fa? Tallan gidajen rawa, da sunayen ƙananan ƙungiyoyin da suka watse ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsu, ai su ne ke gaya maka irin garin da ya haifi waƙar. Rory Storm ya rasu a 1972 bai taɓa shahara a wajen Libaful ba, alhali akwai lokacin da sunan ƙungiyarsa ake sawa a saman na Beatles a takardar talla a Hambug ta Jamus, a 1960.