Yumɓun da Ke Kama Ƙarfe a Cikin Ruwa

Kogin Jakara yana ratsa birnin Kano, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, sannan ya gangara madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Da wannan ruwa manoman rani ke shayar da latas, alayyafo da albasa. Masu bincike sun sha auna shi, suna tarar da ƙarafa narke a ciki, irin su dalma da kuromiyam. Kobalt ma danginsu ne. Jiki na buƙatar ɗan kaɗan daga gare shi a cikin bitamin B12, amma in ya yi yawa sai ya illata zuciya.

Narkakken ƙarfe ba ya tsayawa a ƙyallen tata, tafasawa kuma ba ta korar sa. Ruwa yana iya yin garau alhali guba na ciki. Gubar dalmar da ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta koya mana cewa ƙarfe yana kisa ba tare da ido ya gan shi ba.

A nan gwanintar masanin sinadarai take burge ni, domin makaminsa yumɓu ne, irin wanda ake gina tukunya da shi. Yakan wanke shi ya fitar da yashi, ya shanya, ya daka, ya tankaɗe har ya yi laushi, saboda gwargwadon laushin garin, gwargwadon yawan wurin da ƙarfe zai maƙale. Fuskar ƙwayar yumɓu tana ɗauke da cajin lantarki kishiyar na kobalt, don haka da sun haɗu sai ƙarfen ya liƙe mata, kamar yadda ƙarangiya ke kama rigar mai wucewa.

Inda ake gane gwani shi ne wajen daidaita tsamin ruwan. In tsami ya yi yawa, yumɓun ba ya riƙe ƙarfe sosai. Sai ya rage shi da ɗan garin farar ƙasa, ya zuba yumɓu daidai awo, ya dama, ya ba shi lokaci ya kwanta, sannan ya tsiyaye. Ba ya yarda da idonsa. Sai ya kai ruwan ɗakin gwaji na'ura ta faɗi abin da ya rage. Lakar da ta sha ƙarfe kuwa ba ya zubar da ita a gona, killace ta yake yi inda ba za ta koma rijiya ko rafi ba.

Yumɓu yana da arha a ƙasar Kano, masana kuma muna da su a Jami'ar Bayero. Abin da ya rage shi ne hukuma ta fitar da wannan ilimi daga ɗakin gwaji zuwa bakin magudanar kowace masana'anta, a kama ƙarfen tun kafin ya isa lambun manomi.