Muryar Fada a Cikin Aji: Tsokaci a kan Tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu

1.0 Gabatarwa

Malamin da ya shiga ajin firamare ko na ƙaramar sakandare a garin Suleja yakan tarar da 'ya'yan Hausawa da Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Nufawa da Fulani a kan benci ɗaya, ga kuma 'ya'yan Yarbawa da Ibo da Tibi waɗanda neman abinci a Birnin Tarayya ya kawo iyayensu. Wannan cakuɗa ta ƙaru ne tun daga 1976 da aka yanke yankin Birnin Tarayya, aka ba shi sunan Abuja, shi kuwa tsohon garin Abuja ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Ta ƙara ƙarfi bayan gwamnati ta tare a sabon birnin a watan Disamba na 1991. A garin ne kuma makarantar Gwamnatin Tarayya ta yara masu hazaƙa take, wadda ke ɗibar ɗalibai daga dukkan jihohin ƙasar nan.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tsokaci a kan sanannen littafin tarihin garin, ta auna dacewarsa da irin wannan aji. Abin da za ta nuna shi ne, littafin taska ce da bai kamata a bari a ɗakin ajiya ba, amma murya ɗaya ce ke magana a cikinsa, wato muryar fada. Muddin aka karantar da shi ba tare da an bayyana wa yara mai maganar ba, to, zai ɗaga kan wasu ya sunkuyar da na wasu.

2.0 Littafin da Marubutansa

Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja, wanda ɗan'uwan Sarki Sulaimanu Barau ne, da Malam Shu'aibu Na'ibi su ne suka rubuta wannan tarihi da Hausa. Frank Heath ya fassara shi zuwa Ingilishi, ya tsara shi, aka buga a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja, aka sake bugawa a 1962. A kansa ne M. G. Smith ya dogara ƙwarai wajen fito da tsarin sarautar Zazzau ta kafin jihadi a littafinsa Government in Zazzau na 1960.

Labarin ya taso ne daga Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau da mayaƙan jihadin da ya soma a 1804 suka fitar daga Zariya. Ya yi kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, ƙasar Koro, daga bisani aka kashe shi a yaƙin Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Daga nan sai Abu Kwaka (1851–1877), da Ibrahim Iyalai (1877–1902) wanda ya rasa ransa a zuwan Turawa, da Muhammadu Gani (1902–1917), da Musa Angulu (1917–1944), sannan Sulaimanu Barau (1944–1979). Baya ga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, marubutan sun yi bayanin sarautu da al'adun garin, sun kuma taɓo al'ummun da ke zaune a ƙasar.

3.0 Abin da Littafin Yake Ba Aji

Alheri na farko shi ne kusanci. Yaron da ake karantar da shi tarihin Kano ko Sakkwato sai ya ƙiyasta wuraren a zuci, amma Zuba da Dutsen Zuma wurare ne da ɗan Suleja yake wucewa ta gefensu a mota. Darasin da yaro zai iya nuna wurinsa da yatsa ya fi zama a kai.

Na biyu, labarin kansa na baƙunta ne. Waɗanda suka kafa Abuja 'yan gudun hijira ne da suka rabu da garinsu, suka sami masauki a ƙasar wasu. Ɗan Ibo ko ɗan Tibin da ke jin shi bare ne a ajin zai ga cewa gidan sarautar garin ma da ƙafa ya zo. Ɗan Bahaushe kuwa zai fahimci cewa akwai waɗanda suka riga kakanninsa shan ruwan wannan ƙasa. Ba kowane littafin tarihin masarauta ne yake ba malami irin wannan dama ba.

Na uku, marubutan sun san cewa maƙwabtansu ba jinsi ɗaya ba ne. An bambanta Gwarin Genge da Gwarin Yamma, rarrabewar da ta yi kusa da wadda masana harshe ke yi tsakanin Gbagyi da Gbari. A zamanin da aka yi rubutun, wannan lura abin yabo ce.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, daga ƙofar fada marubutan suka hangi ƙasar. Sarki da sarakunan yaƙinsa su ne masu suna da zuri'a da dalilin aikata abin da suka aikata. Sauran al'ummu kuwa sukan fito ne galibi a matsayin waɗanda aka kai wa hari, ko masu biyan haraji, ko masu al'adun da ake bayyana wa baƙo. Wannan ba aibi ba ne ga marubutan, domin kuwa tarihin gidansu suka sa gaba. Aibin yana tasowa ne idan makaranta ta ɗauki tarihin gida ɗaya ta kira shi tarihin kowa.

Misali mafi bayyana shi ne laƙabin Sarki Ibrahim Iyalai, wato Dodon Gwari. A bakin maroƙin fada wannan kirari ne na jarunta. A kunnen yarinyar Gbagyi da ke zaune a layin gaba kuwa, ma'anarsa ita ce an yi sarkin da ya shahara da firgita kakanninta. Idan malami ya karanta laƙabin ya wuce, ko ya karanta shi da murmushi, ya riga ya raba ajin gida biyu: jikokin dodo da jikokin waɗanda dodo ya ci. Da an tashi tara za a ji laƙabin a filin wasa.

Matsalar ba ta tsaya a littafin ba, tana cikin Hausar da malami zai yi bayani da ita. Kalmar "Gwari" suna ne da Hausawa suka laƙaba, masu shi kuwa Gbagyi ko Gbari suke kiran kansu. Daga wannan suna harshen ya ƙirƙiri "gwaranci", wato maganar da ba ta fita sosai, da "bagwariyar Hausa", da "gwari-gwari", wato bayanin da aka warware wa wanda ake ganin ba ya saurin fahimta. Ko "kayan gwari", wadda asalinta shaida ce ta ƙwazon noma, ta tsare al'umma guda a bakin kwandon tumatir. Haka nan "arne" da "ƙabila" sun ɗauki nauyin raini a maganar yau da kullum. Malami yana iya furta waɗannan kalmomi ba da wata manufa ba, amma yaron da abin ya shafa ba ya jin su a haka.

Abin sha'awa shi ne, maganin yana cikin tarihin kansa. Sarakunan Abuja an san su da sunan Haɓe, kalmar Fulfulde ce kuwa da Fulani ke kiran wanda ba Bafulatani ba, tilonta Kaɗo. Ke nan Hausawan Abuja sun ɗanɗana abin da ake ji idan wani ya raɗa wa mutum suna daga waje. Malamin da ya jera "Haɓe" da "Gwari" a kan allo, ya tambayi yara wa ya raɗa kowanne, wa kuma aka raɗa wa, ya koyar da darasin zaman tare ba tare da ya yi wa kowa wa'azi ba.

5.0 Harshen Muhalli: Na Wa?

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da gyare-gyarenta na 1981 da 1998 da 2004, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake magana da shi a muhallinsa. A 2022 gwamnati ta amince da tsawaita wannan zuwa shekaru shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 ta sanar da janye tsarin da komawa ga Ingilishi. Ko da wane tsari ake ciki, Hausa ce harshen kasuwa da tasha a Suleja, ita ce kuma malami ke komawa gare ta idan Ingilishi ya cije. Saboda haka Hausa tana da matsayi biyu a ajin: gada ce da ke haɗa yaran, kuma harshen fada ce da ke iya danne sauran. Masana Hausa sun daɗe suna kukan yadda Ingilishi ya danne harshensu, amma ba kasafai suke waiwayen yadda Hausa ke yi wa Koro da Gade da Gbagyi ba.

Akwai abin koyi a cikin gida. Shirin Ife na shekara shida, wanda Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya nuna amfanin koyarwa da Yarbanci, amma a yankin da harshe ɗaya ya mamaye aka yi shi. Wanda ya fi kusa da halin Suleja shi ne shirin littattafan karatu na Jihar Ribas, wanda Kay Williamson ta yi wa hidima, inda aka samar wa ƙananan harsuna da dama littattafan farko. Darasin da ke ciki shi ne, ƙanƙantar al'umma ba ta hana a rubuta mata littafi.

6.0 Yadda Za a Karantar da Shi

Ganin cewa an ƙaddamar da mayar da darasin tarihi cikin manhajar ilimin farko a 2022, lokaci ya yi da za a sake buga matanin Hausa na wannan littafi domin makarantu. Sai dai bai kamata a goge Dodon Gwari ko a sassauta labarin hare-hare ba, domin tarihin da aka wanke ba ya koyar da kome. Abin da ake bukata shi ne gabatarwa da za ta bayyana su wane ne marubutan, da ƙarin bayani a kan sunayen da al'ummu ke kiran kansu.

Na biyu, a haɗa shi da wasu muryoyin. Ana iya tura yara su tambayo tsofaffin gidajensu yadda suka ji labarin kafuwar garin ko zuwan danginsu, a karanta a aji da harshen da aka ba da shi, sannan a fassara. Ba makawa ruwayoyin za su saɓa, saɓanin kuwa shi ne zai koya wa yara auna magana.

Na uku, a kawo tarihin da ba na takobi ba. Ladi Kwali, 'yar Gbagyi ce daga garin Kwali, wadda Sarki Sulaimanu Barau ya adana tukwanenta tun kafin duniya ta san ta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin, ita ce mace ta farko a wurin. Ta rasu a 1984, aka kuma sa hotonta a takardar naira ashirin. A labarinta fada da ƙauyen Gbagyi da baƙon Bature sun haɗu a kan yumɓu, kuma 'yar Gbagyin ce gwanar. Yarinyar da ta sunkuyar da kai a darasin Ibrahim Iyalai tana da haƙƙin ta ɗaga shi a wannan darasi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tarihin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka bari ya cancanci shiga aji saboda kusancinsa da yara da kuma labarin hijira da ke cikinsa. An kuma ga cewa hangensa na fada ne, kuma Hausar da za a karantar da shi tana ɗauke da kalmomin da ke muzanta wasu daga cikin masu sauraro. Yankin da ya ga tashin bam a ofishin zaɓe na Suleja da cocin Madalla a 2011 ya san tsadar rashin yarda da juna. Marubutan sun sauke nasu nauyin, sun rubuta abin da gidansu ya sani. Sauran aiki yana kan sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i da kwalejojin ilimi: su tattara ruwayoyin Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da harsunansu, tun masu riƙe da su suna raye, domin a ajiye su kusa da wannan littafi a kan teburin malami.