Amada a Kan Takarda

Mu ɗaliban Hausa muna da wata ɗabi'a: in muka ɗauki waƙar mata, sai mu rubuta baitoci, mu fitar da jigo, mu tashi. Rawar kuwa ko oho.

Dubi Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. An sha yin sharhi kan yadda ta zaburar da mata su kama sana'a, kuma gaskiya ne. Amma amada wasa ce ta tsakar gida: ƙore a kife, 'yan amshi na bugu, mata na juyi. Abin da baki ya sakaya, ƙugu ke fassara shi. Habaicin kishiya ma a taku ake ƙarasa shi. Wanda ya karanta baiti kawai romo ya sha, nama na tukunya.

Haka gaɗar 'yan mata a Jega, Aliero da Maiyama, inda yarinya kan faɗa da baya ƙawaye su cafe ta. Wane kundi ya bayyana wannan faɗuwar? Ga jami'a a Aliero tun 2006, ga waya mai ɗaukar bidiyo a aljihun ɗalibai, dandali kuwa sai ƙara shiru yake yi.