Ricardo Porro da Makarantun Fasaha na Habana: Sharhi

Ba kasafai tarihin magini ke rataye a kan aiki guda ba, balle aikin da hukuma ta dakatar. Amma haka sha'anin Ricardo Porro yake. An haife shi a Kamaguwe ta ƙasar Kyuba a 1925, ya rasu a Faris a 2014, kuma sau biyu yana gudun hijira. Ta farko zuwa Benezuwela ce, a ƙarshen mulkin Batista, inda ya sadu da wasu masu tsara gini 'yan Italiya, Roberto Gottardi da Vittorio Garatti.

A 1961 Fidel Kastro ya yanke shawarar mai da filin wasan golf na attajiran Habana makarantun fasaha guda 5. Porro ya ɗauki biyu, ta zane da sassaƙa da ta rawar zamani, abokan nasa suka raba sauran. Takunkumin Amurka ya sa rodi da siminti sun yi wuya, don haka suka koma ga ƙonannen tubali da wata tsohuwar dabarar Kataloniya: a jera faifayan tubali marasa kauri, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har rufin ya tanƙwaru ya ɗauki nauyin kansa. Wanda ya san bakan gizo da tulluwar soron Hausa ba zai rasa gane manufar ba, ko da yake namu azara ce ƙashin bayansa.

Makarantar zane ita ce ta fi jawo magana. Ɗakunan koyarwa ne masu tulluwa, da barandu masu karkacewa, ta yadda mai tafiya ba ya hango abin da ke gabansa sai ya iso. A tsakar gida akwai maɓuɓɓugar ruwa mai siffar gwanda, wadda a bakin mutanen Kyuba take nuni ga al'aurar mace. Porro da kansa ya bayyana ginin da cewa yabo ne ga jinin Afirka da ke cikin al'adun ƙasarsa. Nan ne ya kamata manazarci ya tsaya. Shigar da Baƙar fata cikin filin da a da aka hana su shiga jarumtaka ce, babu musu. Sai dai Afirkar da ya gina ta ƙare ne a ƙauye da haihuwa da jikin mace, wato ainihin hoton da Turawa suka daɗe suna zana mana. Addinin Yarabawa da na Kwango da ya tsira a Kyuba ya fi wannan zurfi nesa ba kusa ba. Makarantar rawa, mai kusurwoyi kamar fasasshen gilashi, ta fi gaskiya a ganina, domin ta kama zullumin shekarun juyin juya hali ba tare da aron rigar kowa ba.

Ba wannan ne laifin da aka tuhume shi da shi ba. Ma'aikatar gine-gine ta karkata ga salon Tarayyar Sobiyet, na bangayen kankare da ake zubawa a masana'anta a kawo a harhaɗa, sai aka ce aikinsa almubazzaranci ne da son kai irin na 'yan jari-hujja. A 1965 aka tsai da aikin. Nasa biyu sun kusa kammala, na Italiyawan kuwa aka bar wa ciyawa. A 1966 ya tafi Faransa.

Can ya koyar, ya gina cibiyar fasaha a Vaduz ta Lishtenstain, daga baya kuma shi da Renaud de la Noue suka yi makarantu a unguwannin ma'aikata na kewayen Faris, irin su Elsa Triolet a Saint-Denis. Akwai ƙwarewa a cikinsu, amma kankare da ƙarfe ba su ba shi laushin da tubali ya ba shi ba. Littafin John Loomis na 1999 shi ya tono sunansa, har gwamnatin Kyuba ta waiwayi gine-ginen ta soma gyara, alhali mai su ya haura shekara 70.