Tsokaci a kan Binciken Tsirrai a Madadin Antibayotik wajen Kiwon Kajin Nama

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wani ra'ayi da ya yawaita a rubuce-rubucen masana kiwon kaji, wato cewa tafarnuwa da citta da gangamau da ganyen zogale da makamantansu sun isa su maye gurbin antibayotik a abincin kajin nama. A ganinmu manufar tana da kyau, amma hanyar da ake bi wajen kafa hujja tana da rauni, kuma makiyayi ne zai ɗauki asarar idan an yi kuskure.

2.0 Asalin Matsalar

A shekarar 1950 ne Thomas Jukes da Robert Stokstad a Amurka suka bayyana cewa ɗan ƙanƙanen oriyomaisin a cikin abinci yana sa 'yan tsaki saurin girma. Daga nan aka shiga zuba antibayotik a abincin kaji ko da lafiyarsu ƙalau. Illar haka ita ce ƙwayoyin cuta kan saba da maganin har su bijire masa, sa'an nan su iso ga mutum. Rahoton Swann na 1969 a Ingila ya yi gargaɗi a kan wannan. Suwidin ta hana amfani da antibayotik domin ƙara girma a 1986, Tarayyar Turai ta kammala nata hanin a 2006, Amurka kuwa ta janye magungunan da ke da amfani ga mutane daga wannan aiki a 2017. Saboda haka neman madadi ya zama dole, kuma ba mu ja da wannan.

3.0 Inda Rauni Yake

Na farko, gwaji da dama kan kwatanta kajin da aka ba garin tsiro da waɗanda aka ba antibayotik, idan nauyinsu ya zo ɗaya bayan mako 6 sai a yanke hukunci cewa tsiron ya yi aikin maganin. Wannan hukunci ba ya tsayuwa sai an duba rukuni na uku da ba a ba shi kome ba. Tun a 1963 Marie Coates da abokan aikinta a Ingila suka nuna cewa 'yan tsakin da aka rena ba tare da ƙwayoyin cuta a jikinsu ba, fenisilin bai ƙara musu girma ba. Ke nan a ɗakin gwaji mai tsabta shi kansa antibayotik ba ya nuna wani tasiri mai yawa, don haka daidaituwa da shi a irin wannan ɗaki ba ta tabbatar da ƙarfin tsiro ba.

Na biyu, ana auna tsiro da kilo, alhali abin da ke aiki shi ne sinadarin da ke cikinsa, kamar alisin a tafarnuwa, da jinjarol a citta, da kurkumin a gangamau. Yawan waɗannan yana sauyawa gwargwadon iri da ƙasar noma da yadda aka shanya. Alisin ma ba ya jure zafi, yana lalacewa wajen sarrafa abinci. Takardar da ba ta faɗi yawan sinadarin ba, babu manazarcin da zai iya maimaita gwajinta, ko da ya sayo cittar Kachia iri ɗaya da ta marubucin.

Na uku, akan kawo misalin Turai ba tare da cikon bayani ba. Hanin 2006 bai shafi magungunan koksidiyosis irin su monensin da narasin ba, waɗanda kuma suna rage ƙwayar Clostridium perfringens mai haddasa ruɓewar hanjin kaji. Bugu da ƙari, ƙasashe irin su Denmak sun dogara ga tsabtar ɗaki da hana baƙi shiga da gyaran abinci. Danganta nasarar ga tsirrai kaɗai jahiltar tarihin ne.

Na huɗu, kalmar nan ta “na halitta” tana sa a manta cewa kowane abu yana da iyaka. Ganyen zogale yana da ɓawo mai wuyar narkewa da tanin da safonin, idan ya yi yawa girma kan ragu. Ɗacin ganyen darbejiya kuwa yakan sa kaza ta rage ci. Sa'an nan ba kasafai ake lissafa kuɗin saye da shanya da niƙa a kan kowane kilo na nama ba, wanda shi ne abin da makiyayi zai fara tambaya.

4.0 Abin da Ya Cancanci Yabo

Duk da haka, fannin yana da tushe mai ƙarfi. Aikin Nurmi da Rantala a Finlan a 1973 ya nuna cewa ba 'yan tsaki ƙwayoyin hanjin manyan kaji masu lafiya yana kare su daga salmonela. Wannan aiki ya tsaya ne domin an jarraba shi a gaban cuta, an kuma bayyana yadda yake aiki. Irin wannan ma'auni muke son a ɗora tsirranmu a kai.

5.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar cewa kowane gwaji ya ƙunshi rukunin da ba a ba kome ba, ya faɗi yawan sinadari, a yi shi a gonar makiyayi a lokacin zafi da na damina, a kuma haɗa da lissafin riba. Haka nan malaman kwalejoji su bambance wa ɗalibai abubuwa biyu: daina zuba antibayotik domin ƙiba wajibi ne, amma kazar da cuta ta kama sai likitan dabbobi ya duba ta, a ba ta maganin da ya dace, a kuma jira kwanakin da aka ƙayyade kafin a yanka.