Su Tambaya da Tsigai ba kayan ado ba ne

Masu shirya finafinai masu dogon zango sun ɗauko wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sai a kira dattijon da ya shafe shekara talatin a harkar, a zaunar da shi kan kujerar falo, ya ce "Allah ya yi muku albarka", shi ke nan an sallame shi. Labarin duk na saurayi da budurwa ne.

Mu a Kunci ba haka muka san fim ba. Lokacin kaset, bayan an taso daga gona an yi isha, mai gidan kallo zai tayar da janareta, yara a gaba kan tabarma, manya a benci. Jarumi na iya rera waƙarsa a lambu, amma ba a tashi ihu sai Ibro ya shigo gida Tsigai ta tare shi da masifa, ko Ciroki ya leƙo. Kabiru Nakwango in ya zauna a matsayin uba, kai ka ce daga zauren maƙwabcinka aka ɗauko shi. Daso kuwa, in ta ɗaure fuska ta zama uwar miji, har tsine mata tsofaffi suke yi. Su suka sa manomi ya ga gidansa a cikin akwatin talabijin, tun zamanin Tambaya da Malam Mamman. Sirrin kuwa sabo ne: sun daɗe suna wasa tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi.

A 2022 Ladin Cima, wato Tambaya, ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa biyar ake ba ta a fim. Wasu furodusoshi sun musanta, aka yi ta cacar baki. Ni dai abin da ya fi damuna, marubuta sun daina rubuta musu rawar da za ta cancanci kuɗi mai kauri.

Ibro ya rasu a 2014, Daso a 2024, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka rage suna nan da ƙarfinsu. Marubutanmu, ku haɗa su biyu-biyu kamar da, ku ba su rikicin gado, na kishiya, na iyakar gona, kuma a biya su haƙƙinsu tun suna raye.